Zare Uku a Bangon Arzika

A bakin hanyar da ta bar Bagudo ta nufi iyaka, dab da mahaɗar da 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, akwai kantin marigayi Arzika. Cikin kantin babu abin kallo, sukari ne da gishiri da ashana kamar kowane kanti. Abin kallo yana bangon gabas. A jikinsa akwai wani mutum mai jar hula bisa keke, ya ɗauro rago a baya, ragon ya waiwaya kamar ya tuna wani abu da ya bari a gida. A ƙasa kada ya fito daga ruwa ya kafa wa tayar baya baki, haƙoransa huɗu sun karye suna tashi sama kamar gugguru. Can bisa an rubuta da manyan baƙaƙe: TAYA MAI KADA, TA FI ƘARFIN HAƘORI.

Kamfanin tayar ya mutu tuntuni, ba ma wanda ya san inda aka binne shi. Kadan dai bai ji labari ba. Shekara arba'in da biyar yana cizo, rana ta ci shi, damina ta wanke shi, har korensa ya koma kalar miyar kuka ta jiya. Fataken da ke haurowa daga Benin da albasa da busasshen kifi, masu jin Dandanci da Faransanci, baƙaƙen bangon ba su ce musu komai, amma sun san wurin. In za a yi alkawari da su, cewa ake yi a haɗu gindin Kada.

Manu Mai Fenti ne ya zana shi yana saurayi. Wakilin kamfanin ya zo daga Sakkwato da 'yar takarda mai hoton taya guda tsirara, ya ce a girmama ta a bango. Mutumin da ragon da kadan duk daga kan Manu suka fito. Yana cikin aikin limamin wancan zamani, Malam Zulkiflu, ya tsallako daga masallacin da ke ɗaya gefen hanya, ya dogara sanda ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Manu, abin ga da kake yi, gobe ƙiyama cewa za a yi ka hura mai rai. Kana iyawa?”

Kwana biyu ana kai da komo, Arzika na shiga tsakani. A ƙarshe Liman ya ce in an raba kai da gangar jiki, abin ya tashi daga halitta ya koma kamar itace. Amma bai yarda a ja layi da baƙin fenti ba, don a cewarsa wannan sarƙar wuya ce kawai aka rataya. Sai dai a ga bangon kansa tsakanin kai da jiki.

To, a nan Manu ya yi dabarar da ta zama hannunsa har tsufa. Ya jiƙa zaren auduga da ƙaro, ya manna a wuyan mai keke, da na rago, da na kada. Ya shafa fenti mai kauri ya rufe. Da fentin ya fara shan iska sai ya kama bakin zaren ya ja a hankali, ya bar tsaga siririya kamar tsinken tsintsiya, simintin bango na leƙowa ta ciki. Liman ya sa farce ya bi tsagogin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Muddin wagga tsaga na nan, bangon ga na nan. Ni da wanda zai gaje ni.”

Tun daga ranar duk abin da Manu ya zana yana da zarensa: kawunan allon wanzamai, zakarun jikin manyan motoci, har kifin ƙofar mai tuwo a Sharabi, wanda sai da ya yi yini yana tunanin inda wuyan kifi yake. Daga baya inji ya zo yana buga talla a kan leda cikin sa'a guda, mutane suka koma can. Shekara goma sha ɗaya ke nan Manu bai tsoma buroshi a gwangwani ba. Hannunsa na dama kuma ya koyi rawa, ko shayi ya ɗauka sai ya zuba rabi a riga.

Wata Laraba da hantsi ya dawo daga Lafagu, inda ya yi mako uku wajen 'yarsa Mariya yana jinyar gwiwa. Shamsu ɗan kabu-kabu ne ya ɗauko shi. Suna dosar mahaɗa Shamsu ya ce, “Baba, rufe ido sai na tsaya. An yi ma Kada wankan salla.”

Bai rufe ba. Tun daga nesa ya hangi jar hular ta dawo ja, ruwan ya dawo shuɗi, baƙaƙen sun miƙe tsaf. Wani abu ya motsa masa a ƙirji, irin wanda yake ji in ya hangi ruwan Kwara bayan doguwar tafiya. Ya sauka yana murmushi, ya matsa kusa saboda ganinsa ya ragu. Murmushin ya tsaya a inda yake. Wuyan ragon sumul. Wuyan mai keke sumul. Na kada ma haka. A ƙasan bango kuma an yi wani ƙaramin rubutu, ya sunkuya ya harhaɗa a fili: An sabunta. Asalin mai zane, ba a san shi ba.

Wani dogon mutum ɗan kimanin shekara talatin, rigarsa duk ɗigon fenti, yana wanke burosai cikin kananzir a gefe. Sunansa Muhsin. Wata ƙungiya ce a Birnin Kebbi ta turo shi, masu bin garuruwan iyaka suna raya tsofaffin tallace-tallacen bango. Ya ɗago da fara'a.

“Sannu Baba. Ya yi kyau, ko?”

“Wa ya taɓa wuyan ragon ga?”

“Ni ne. Bangon ya tsage wuri uku, na cusa musu farar laka irin tamu ta masu fenti, na shafe. Yini guda cur na yi a kansu.”

“Ya tsage,” in ji Manu. Ya maimaita a hankali kamar mai ɗanɗana magani. “Kai ɗan nan, ka taɓa ganin tsagar bango da ta san wuya? Ta bar ƙafa, ta bar taya, ta bar dut faɗin bangon ga, ta bi wuyan mutum da na rago da na kada, kowane ta tsaya daidai ƙarƙashin kunne?”

“Kada ai ba shi da kunne, Baba.”

“Nawa shina da shi. Ni na sa mai.”

Hamsatu ɗiyar Arzika, wadda ke riƙe da kantin tun rasuwar mahaifinta, ta leƙo tana auna sukari. “A'a, Baffa, ka dawo? Malam Muhsin, ga wanda ba a sani ba nan, ya dawo daga Lafagu.”

“Ke ɗiyar Arzika, kina zaune anka binne ni da raina a ƙofar kantinku?”

“Bango kawai baƙon ya roƙa, na ba shi. Bai tambaye ni mai zanen ba. Ƙananan baƙaƙe kuwa ka san ba mu gaisawa da su.”

Muhsin ya goge hannu, fara'ar ta ragu. Ya ce ya tambaya, 'yan kabu-kabu suka ce haka suka tashi suka gan shi. Manu ya dubi 'yan kabu-kabun da ke kishingiɗe bisa baburansu, babban cikinsu bai kai rabin shekarun kadan ba. Wato mutum zai taso tun daga Birnin Kebbi don tsohon abu, ya rasa wanda zai tambaya sai waɗanda aka yi sunansu jiya. Ya buɗe baki zai ba da labarin zaren, sai takaici ya hana shi, abin da ya fito kawai shi ne, “Garin neman gira ka tsone ido.”

Bayan azahar labarin ya zo da ƙafarsa. Liman Attahiru, ɗan Malam Zulkiflu, ya tsallako hanya da tsohuwar sandar mahaifinsa. Ya gaida Manu da jiki, ya gaida baƙo, sannan ya kai yatsa wuyan ragon ya shafa. Ya janye hannunsa.

“Baba Manu,” ya ce, “ka san shekara nawa samarin masallaci na bina a shafe bangon ga. Kullum sunka zo, sai in kawo su nan in aza musu yatsa cikin tsaga, in ce ga maganar mahaifina. Su koma suna gunaguni, amma su koma. Yau mi zan aza musu yatsa a kai?”

Ya juya ga Muhsin ya ba shi labarin a taƙaice, ba faɗa ba tsawa. Sannan ya ce, “Jumma'a in an sauko zan biyo. In na iske wuyan ga a haɗe, ba ni da bakin hana su farar ƙasa.”

Muhsin ya saurara har ƙarshe, kunnuwansa sun yi zafi. “Malam, da girmanka, kwana goma sha biyu na yi a kan wannan bango. Ranar Asabar baƙi za su zo daga Birnin Kebbi, wasu daga Kandi, don su gan shi. Ba wanda zai ɗauki ƙusa ya karce mini aiki saboda wata magana da ba ta rubuce a ko'ina.”

“A rubuce take,” in ji Manu. “Kai ka goge ta.”

Muhsin ya juya baya. Ya ɗaure tsaninsa da sarƙa a jikin dalbejiya, ya sa kwaɗo, ya hau babur ya nufi Tsamiya inda wani bangon ke jiransa.

Ranar Alhamis duk wanda ya gaida Manu sai da ya yi nadama. A wajen mai shayi ya yi, a rumfar wanzami ya yi, har wani bafatake daga Madekali da bai jin Hausa sosai ya tsare da bayani, mutumin na ta gyaɗa kai yana neman hanyar wucewa. Aikinsa, in ji ɗan Birnin Kebbi. Aikinsa. Shi ya ƙirƙiro ragon da ke waiwaye? Shi ya je Lolo ya zauna bakin ruwa kwana uku don ya ga yadda kada ke buɗe baki? Shekara arba'in da biyar rana ba ta kashe zanen nan ba, ruwa bai kashe shi ba, masu wa'azi ba su kashe shi ba, sai mai gyara. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yaron ya iya. Hannunsa na da kyau, jan hular nan Manu kansa bai taɓa samun irinsa ba. Da mugun aiki ya yi da sauƙi, sai a zage shi a huta.

Da la'asar ya koma gida ya zazzage tsohon akwatin aikinsa. Gwangwanayen madara da yake dama fenti a ciki, burosan da ya ɗaura da gashin wutsiyar akuya, duk sun ƙandare. Ya ɗauki basilla, ya jawo wata tsohuwar ƙwarya don ya gwada hannu. Layin ya fita a karkace kamar sawun gwano. Ya sake. Ya sake. Ya dafe hannun daman da na hagu, ya ɗan yi dama-dama. Ya zauna yana duban yatsunsa kamar wasu 'ya'ya da suka ƙi jin magana.

Ranar Jumma'a da hantsi ya iso gindin Kada. A ɗaya gefen hanya, jikin katangar masallaci, an riga an ajiye bokiti biyu na farar ƙasa da tsintsiyar kaba a kan kowane. Manu ya tofar da yawu. Ko haƙurin a sauko ba su yi ba.

“Ɗiyar Arzika, ba ni bencinki.”

“Baffa, in ka faɗo mi zan ce ma Mariya?”

“Ki ce ba a san shi ba.”

Ta fito da bencin, ta tsaya ta danne shi da ƙafa. Manu ya hau da kyar, gwiwar na ƙara, ya daidaita da wuyan rago. Bai ko kai basillar ba sai ga ƙarar babur. Muhsin ya diro tun bai gama tsayawa ba.

“Baba, sauko don Allah. Wannan ɓarna ce.”

“Malam Muhsin,” in ji Hamsatu, ba ta ɗaga ƙafa daga benci ba, “fenti naka, bango na ubana. Duba can tsallake ka ga abin da ke jiran ku ku duka.”

Muhsin ya waiwaya ya ga bokitan. Ya yi tsaye, hannu a ƙugu, bai matsa ba.

Manu ya rufe ido, don a nan ido ba zai yi masa komai ba. Ya bi wuyan ragon da ɗan yatsa har ya ji inda fentin ya ɗan lotsa. Ya dafe hannu da hannu, ya soka basilla. Da tsinin ya faɗa cikin tsohuwar hanyar sai rawar ta ragu, kamar jakin da ya gane hanyar gida. Farar lakar ta riƙa zubowa gari-gari a kan rigarsa, tsohon siminti na bayyana a baya. Ya bi a hankali daga maƙoshi har ƙarƙashin kunne. A nan basillar ta kama wani abu. Ya ƙwaƙulo, ya sa farce ya jawo. Guntun zare ne, bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, ya ƙandare da fenti. Ya tsinke ne tun ranar da aka ja shi, ya zauna a wurin yana jiran wanda zai neme shi.

Manu ya miƙa shi ƙasa ba tare da ya dubi kowa ba. “Karɓi. Ga tsagar bangonka.”

Muhsin ya karɓa a tafin hannu. Ya juya shi, ya murza, ya ga zaren auduga ne mai lauje biyu. Ya dubi layin da ke wuyan ragon, ya daɗe. Sannan ya tafi gindin dalbejiya ya buɗe kwaɗo, ya kawo tsani ya jingina daidai mai keke.

Manu ya aza ƙafa a matakin farko, ya kai na biyu, gwiwar ta ce ba da ita ba. Ya tsaya a nan yana huci, wuyan mai jar hula na can sama da shi kamu huɗu. Daga masallaci aka fara kiran farko. Ya sauko, ya dubi basillar, ya dubi Muhsin kamar mai shirin ba da 'yarsa riƙo ga wanda bai yarda da shi ba.

“Hau. Kada ka duba, ido shi ya cuce ka. Lalaba da yatsa sai ka ji rami.”

Muhsin ya hau. Ya lalaba, ya soka.

“Ba nan ba. Gemu za ka aske mai? Ƙasa kaɗan.”

“Nan, Baba?”

“Kada ka tura ta, bi ta. Ta san hanya, kai ne baƙo.”

Gumi ya jiƙa wa Muhsin baya. 'Yan kabu-kabu sun taso sun yi da'ira, Shamsu na cewa wannan ne yankan farko da ya gani mahauci na neman izini. Garin laka ya zubo a kan hular Manu, bai kakkaɓe ba, yana ƙasa yana faɗa har tsinin ya kai ƙarƙashin kunne. Saura kada, shi kuwa a ƙasa yake. Suka bar shi suka tafi masallaci.

Ana sallamewa Manu bai tsaya gaisawa ba. Ya tsallako ya durƙusa gaban kadan da basillarsa. Yana cikin yi jama'a suka fito, Liman Attahiru a gaba, samari biyu a baya ɗauke da bokitai. Liman ya tsaya ya jira har tsohon ya kai ƙarshe. Sannan ya sa farce ya bi wuyan kada, ya bi na rago, ya hau tsani da babbar rigarsa ya bi na mai keke. Ya sauko ya kira samarin, ya kama yatsan kowane ya aza cikin tsaga.

“Kun ji? To, maganar mahaifina ke nan. Farar ƙasar ga ku kai ta bangon wurin alwala, ya daɗe shina kuka.”

Suka juya suna gunaguni, amma suka juya. Hamsatu ta ce alhamdulillahi, ta koma ga sukarinta. Muhsin ya ɗauko ƙaramin buroshi ya tsuguna wajen rubutun ƙasan bango, ya tambayi yadda ake son a sa sunan.

Manu na nan gaban kadan. Bai ma tashi daga durƙuson ba. Hancinsa na kusa da bakin kadan, karon farko da ya dubi bakin daf tun dawowarsa, kuma leɓɓansa na motsi kamar mai ƙirga carbi. Ya ɗaga kai ya nemi gugguru huɗun nan da ke tashi sama, bai ga komai ba sai shuɗin ruwa.

“Kai ɗan Birnin Kebbi. Zo nan.”

Muhsin ya matso.

“Wa ya cika ma kadan ga haƙora?”

“Na ga gurabe huɗu, na ɗauka fentin ne ya ɓare. Waɗancan ɗigo-ɗigon na sama kuma na zaci kashin tsuntsu ne.”

Manu ya nuna manyan baƙaƙen da ke bisa da basilla. “Karanta. Ta fi ƙarfin mi? To kada da haƙoransa cif, wace taya kake sayarwa?”

“Baffa,” in ji Hamsatu daga cikin kanti, “tayar nan an bar yin ta tun ban yi aure ba.”

“Ba da ke nike ba.” Ya dafa bango ya miƙe da kyar, ya tura hularsa ƙeya. “Ajiye sunan nan, ba inda za shi. Kawo baƙin fenti da fari, da gwangwani wanda ba komi a ciki. Ni zan dama.”